Kwaɗon ma'ajin 'yan albasa a kasuwar Mile 12

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara talatin yana harkar albasa a Legas. Rumfarsa tana kasuwar Mile 12, nan bakin titin Ikorodu, inda tireloli ke kwana suna sauke albasar Aliero da ta Sakkwato. Abokan sana'arsa da suke zubin adashe tare, shi suka naɗa ma'aji tun ina yaro. A ƙuryar rumfar akwai wani ɗan ɗaki na kwano, a cikinsa akwai akwatin ƙarfe mai kauri da aka yi wa walda da turken da aka binne a siminti, don kada a sunkuce shi ɗungurungum. Cikin akwatin akwai littafin bashi na ƙungiyar, da ragowar kuɗin asusu, da ajiyar 'yan cirani: wannan kuɗinsa ne a ƙulle cikin leda da sunansa, wancan katin ɗan ƙasa, wani kuma takardar filin da ya saya a gida. Tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 yawancin zubi ya koma ta waya, amma ɗan dakon da ke kwana a kasuwa har gobe ya fi yarda da hannun dattijo.

Kwaɗon da ke jikin akwatin ba mai ɗan makulli ba ne. Irin mai fuska zagayayya ne, da lambobi daga 0 zuwa 39, wanda ake murzawa dama, a murza hagu, a sake murzawa dama, a tsaya a kan lambobi uku. Kawu ya saye shi cikin kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka, ya kuma yi sa'a 'yar takardar da ke ɗauke da lambobin tana nan manne a bayansa. Ya ɓamɓare ta, ya liƙa a cikin bangon littafin bashi, littafin kuwa a akwatin yake kwana. Dalilinsa na zaɓen wannan kwaɗo ba abin rainawa ba ne. Ɗan makulli yana faɗuwa, ana zare shi daga aljihun riga lokacin da mutum ke alwala, ana kai shi wurin masu yankan makulli a yi masa ɗan'uwa kafin a ankara. Lamba kuwa a kai take.

Bara ya tafi gida Babbar Sallah da niyyar yin mako biyu. Zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, aka yi ta jinya, bai sake taka Legas ba sai bayan wata uku. Ya dawo da hankalinsa garau, yana iya gaya maka wanda ya karɓi buhu nawa da ranar da ya karɓa. Amma da ya tsuguna gaban akwatin ya kama kwaɗon, sai hannunsa ya tsaya cak. Daga baya ya yi mini bayanin da na gamsu da shi: ya yi shekaru bai furta lambobin nan ba, ko da a zuci. Yatsunsa ne suka haddace su, yana murzawa yana hira da mai sayen albasa, bai ma cika kallon fuskar kwaɗon ba. Wata uku ba a murza ba, ga nauyin ciwo, yatsun suka saki.

Abin da ya rage masa kaɗan ne. Yana da tabbacin akwai 13, kuma a ransa ita ce ta farko. Yana jin akwai wata a cikin talatin da wani abu. Ta ukun kuwa ko inuwarta babu. Kwana uku ya yi yana shiga ɗakin bayan La'asar, ya turo ƙofa, ya yi ta gwadawa shi kaɗai ba tare da rubuta abin da ya riga ya gwada ba. Ko da tunaninsa daidai ne, lambobi goma na gidan talatin sau arba'in na ƙarshe sun kai gwaji 400, kuma mutumin da ba ya rubutawa maimaita abu ɗaya yake yi bai sani ba.

A waje kuwa magana ta fara tashi. Wani saurayi ɗan dako da ya shekara yana tara kuɗin aure a wurin Kawu ya samu tirelar da za ta koma arewa jibi, yana son ajiyarsa. Dillalai biyu kuma suna jayayya kan wani tsohon bashi, kowa na cewa a ɗauko littafi. Kawu ya ce gobe, gobe ta yi ya ce jibi. Ba wanda ya ce masa uffan a gabansa, amma kasuwa ba ta ɓoye zance, ya ji abin da ake faɗa a wurin mai shayi.

Me ya hana a yanke shi?

Wannan ita ce tambayar da ni ma na fara yi masa da ya kira ni. Kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin tana nan kusa, mai walda zai zo da injin yanka, kafin a gama shan shayi kwaɗo ya faɗi. Sakataren ƙungiya ma ya ba da wannan shawara. Kawu ya ƙi, kuma ba don kuɗin kwaɗon ba. Ya ce shi ne ya yi wata uku ba ya nan, shi ne kuma ya dawo ya yi kwana uku yana shiga ɗaki shi kaɗai. Idan aka yanke kwaɗo aka tarar ko naira ɗaya ta yi ƙasa, za a ce da ma ya ɓoye lambar ne don a ɗora wa wani. Idan kuma aka tarar komai daidai, mai son zance zai ce ai ya cike ne da daddare. Abin da yake so shi ne kwaɗon da kowa ya sani, mai tabon jan fenti a gefe, ya buɗe da lambarsa a gaban jama'a, sannan a ɗauko littafi a ga takardar da ke liƙe ta yi daidai da abin da aka murza. A ganinsa wannan ne zai nuna mantuwa ce ta gaske, kuma kwaɗon nan ne dai tun asali, ba wani aka musanya ba.

A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na manya. Yanzu ban ce haka ba. Mutumin da jarinsa na gaske shi ne a ce "kai wa Alhaji ya ajiye maka" yana da hujjar ya tsaya kan yadda za a buɗe akwatinsa.

Ni gyaran waya nake yi a Computer Village da ke Ikeja, a Agege nake zaune. Ba maƙeri ba ne ni, amma hannuna ya saba da ƙananan abubuwa, kuma na taɓa wargaza irin wannan kwaɗo don in ga cikinsa. Sharaɗi ɗaya na kafa: ba zan taɓa shi ba sai shugaban ƙungiya da limamin masallacin layin da saurayin mai ajiya suna zaune. Kawu ya ce da ma abin da yake so ke nan.

Abin da ke cikin kwaɗon

Wannan samfuri shi ne wanda kamfanin Master Lock ya shahara da shi. Harry Soref ne ya kafa kamfanin a birnin Milwaukee na Amurka a 1921, suka fara fitar da kwaɗo mai lamba a 1935. A can an fi saninsa a jikin akwatunan bango na ɗalibai a makarantu da wuraren motsa jiki, inda abin da ake tsarewa littattafai ne da takalma.

Idan ka fasa shi za ka tarar da faya-fayan ƙarfe uku a jere kan sanda ɗaya, kamar an jera sulalla. Kowanne yana da gurbi a gefensa. Fuskar da kake murzawa faifai ɗaya kawai take juyawa kai tsaye. Shi yana da ɗan haƙori da ke kamo na biyu, na biyu ya kamo na uku. Shi ya sa ake fara zagayawa dama sau uku, yadda hannun agogo ke tafiya, don a tattaro su duka su tafi tare. Da ka tsaya a lambar farko ka juya hagu, ka ajiye faifai ɗaya a wurinsa ke nan. Ka yi cikakken zagaye, ka wuce lambar farkon, ka tsaya a ta biyu, ka ajiye wani. Sai ka koma dama kai tsaye zuwa ta uku. In an dace, guraben uku sun yi sahu, wani ɗan harshen ƙarfe ya samu wurin faɗawa, lanƙwasasshen ƙarfen da ke sama ya saki. Wannan ƙarfe na sama zan riƙa ce masa wuya don sauƙin bayani.

A kan takarda, 40 sau 40 sau 40 ya ba da 64,000. Ko da kowane gwaji daƙiƙa 15 zai ci, sai mutum ya haura kwana 11 yana murzawa ba dare ba rana. Amma abubuwa biyu suna rushe wannan adadi.

Na farko, lamba ta uku ana iya jin ta da hannu. Faifan da ke haɗe da fuska, wanda shi ne mai riƙe da lambar ƙarshe, gurabe 12 gare shi. Ɗaya ne na gaske. Sauran 11 marasa zurfi ne, an yi su da gangan don su ruɗa mai laluben hannu. In ka ja wuyan kwaɗon, harshen zai danni gefen faifan ya faɗa gurbin da ya fi kusa, fuskar ta cije, sai ɗan wasa da take yi tsakanin iyaka biyu. Tsakiyar wannan wasa ita ce abin rubutawa. In ta yi wasa daga 3 da rabi zuwa 4 da rabi, ka rubuta 4. In daga 7 zuwa 8 ne, ka rubuta 7.5. A yawancin tsofaffin irinsa, bakwai daga cikin sha biyun suna faɗawa a kan rabi, biyar a kan cikakkiyar lamba. Cikin biyar ɗin, huɗu ƙarshensu ɗaya ne, kamar 4, 14, 24, 34. Wadda ta ware ita ce lamba ta uku, kuma yawanci wasanta ya fi na sauran faɗi.

Na biyu, lambobin da ake sakawa daga masana'anta ba a warwatse suke ba, suna bin tsarin huɗu-huɗu. Ka raba lamba ta uku da 4 ka duba saura: lambar farko wannan saura ɗin take bayarwa ita ma. Ta tsakiya kuwa, in an raba ta da 4, sauranta yana kauce wa nasu da biyu. Ke nan goma ne ke takarar farko, goma ke takarar tsakiya, jimilla 100. Ta tsakiya kuma ba ta zama dab da ta ƙarshe, sai a cire biyun da ke maƙwabtaka da ita, a bar 80.

A 2015 wani mai binciken tsaro ɗan Amurka, Samy Kamkar, ya fito da hanyar da ke rage gwajin zuwa 8, har ya ƙera 'yar na'urar da ke murzawa da kanta. Hanyarsa ta dogara da gano wani wuri guda da fuskar ke ɗan yin nauyi idan an ja wuyan kaɗan. Kwaɗon Kawu ya sha damina guda cur a ɗakin kwano, ga danshin Legas mai cin ƙarfe, ga tururin albasa. Ko'ina ka murza nauyi ne. Dole na koma tsohuwar hanya. Ya kamata kuma in faɗa cewa kwaikwayon da ya cika kasuwa, da wasu sababbin da aka sauya wa ciki, ba dole su bi wannan tsari ba.

Daren farko

Bayan Magariba muka zauna. Shugaba a kan benci, Liman a kan buzu, sakatare riƙe da tocila, saurayin yana tsaye bakin ƙofa. Tunda kwaɗon a rataye yake, jikinsa nake ja ƙasa da hannun hagu, ina murzawa da dama. Fuskar tana ƙara kamar tsohon famfo. Na zagaya sau ɗaya, ga abin da na rubuta: 0.5, 4, 7.5, 10.5, 14, 17.5, 20.5, 24, 27.5, 30.5, 34, 37.

Bakwai a rabi, biyar cikakku, huɗu sun ƙare da 4, 37 ta ware. Komai ya zauna yadda ake so. Na raba 37 da 4, saura 1. Masu takarar farko ke nan su ne 1, 5, 9, 13, har zuwa 37. Da na karanto 13 Kawu ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka ji ko, ɗan nan? Ai na gaya maka." A jerin tsakiya kuma, bayan an cire 35 da 39 da ke kusa da 37, lamba ɗaya ce ta rage a gidan talatin, wato 31. Lissafi ya ce 13, 31, 37, tunanin Kawu ma ya ce haka. Na murza a hankali, kowa ya yi tsit, na ja. Bai motsa ba.

Na sake sau biyu ko hannuna ne ya zarce. Na dawo da 35 da 39 ɗin da na cire, na gwada su. Shiru. Daga nan na bi duka tamanin ɗin ɗaya bayan ɗaya, sakatare yana soke kowanne a takarda, aka tashi aka yi Isha aka dawo aka ci gaba. Wajen ƙarfe goma muka kai na ƙarshe, kwaɗo yana nan yadda yake.

A nan ne kuskuren ya faru, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan lamari. Tun lokacin da nake karanta guraben na ji wani abu bai kwanta mini ba a wurare biyu. A wajen 37 fuskar ba ta yi wasa ba sam, cijewa kawai ta yi a kan 37 da ɗan ɗoriya, sai na rubuta 37. A wajen 27 kuma na ji kamar tana son komawa baya amma wani abu ya tokare ta. Da na bi ƙa'ida, da na sake karanta waɗannan wurare kafin in yi lissafi. Amma da 13 ta fito a inda Kawu yake tsammaninta, sai shakkata ta kwanta. Shaidu biyu ne masu rauni, karatu ɗaya a kan tsatsa da tunanin mutumin da ya tashi daga jinya, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa har suka yi kama da hujja. Da lissafin ya saɓa wa Kawu tun farko, da na koma na duba.

Sakatare ya sake kawo maganar mai walda, wannan karon shugaba ma ya karkata can, saboda tirelar saurayin ba za ta jira kowa ba. Liman ne ya raba gardama. Ya ce a ba kwaɗon zuwa Azahar ta gobe, in bai buɗe ba a yanke shi a gaban waɗannan shaidu ɗin dai, kuma a daren nan a saka wa ƙofar ɗakin wani kwaɗo, makullin ya kwana a wurinsa. Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, na yarda." Kafin mu fita na zuƙi kananzir a sirinjin da nake aiki da shi, na ɗiga ta inda wuyan ke shiga da kewayen fuskar, na yi ta murzawa ba tare da ja ba har wani jan ruwa ya fara fitowa. Baƙin man inji da wani ya miƙo mini na ƙi shi, domin yana tara ƙura ya mai da cikin kwaɗo kamar kunu.

Washegari

Da hantsi muka koma, ga haske, ba sai da tocila ba. Na goge fuskar tas, na ƙara ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Na sauya abubuwa uku. Na rage ƙarfin ja, domin jan da ya yi yawa yana danne harshen har fuskar ta kasa nuna iyakarta. Kowane gurbi na karanta shi sau uku, ina zuwa masa ta dama ina zuwa masa ta hagu. Takardar jiya kuma na ba Liman ya riƙe, sakatare ya buɗe sabon shafi, don kada idona ya riƙa neman abin da ya gani jiya.

Goma daga cikin guraben ba su sauya ba. A wajen 37 kuwa, yanzu da tsatsa ta saki, fuskar ta yi wasa daga 37 zuwa 38 sak, kamar yadda ta yi daga 7 zuwa 8 da kuma daga 17 zuwa 18. Ashe 37.5 ce, 'yar gidan rabi. A wajen 27 sai ta buɗe baya, ta yi wasa daga 26 da ɗoriya har kusan 28, faɗin da babu wani gurbi da ya kai shi. Tsakiyarsa 27. Jiya tsatsa ta toshe gefe ɗaya na wannan gurbi ta rage masa faɗi, ta kuma cike wancan har ya ƙi wasa, kurakurai biyun suka haɗu suka ba da jeri mai kama da na gaskiya.

27 a raba da 4, saura 3. Masu takarar farko: 3, 7, 11, 15, 19, 23, 27, 31, 35, 39. Na tsakiya, bayan cire 25 da 29: 1, 5, 9, 13, 17, 21, 33, 37. Na nuna wa Kawu takardar na ce, "Kawu, 13 ɗinka gaskiya ce, amma a tsakiya take. Ta gidan talatin ita ce a gaba." Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Daga tamanin, abin da ya tuna ya rage mana uku: 31, 35 ko 39 a farko. Wato shi ma tunanin nasa bai tashi a banza ba. Da babu shi da sai mun sake bin dogon layi. Lambobin ya riƙe, jerinsu ne ya kuɓuce masa, kuma kwana ukun da ya yi yana gwadawa da 13 a gaba sun ƙara kafa masa kuskuren a kai.

Na matsa na ba shi wuri, domin shi ya kamata ya buɗe. Ya murza 31, 13, 27, ya ja, bai buɗe ba. Ya share tafin hannunsa a riga ya sake. Da ya tsaya a 35 ya juya hagu, na lura bai ƙara kallon takardar ba, hannun ya ci gaba da kansa. Ya ja, wuyan ya fito da 'yar ƙara. Liman ya ce alhamdu lillahi, sauran suka amsa. Shugaba da kansa ya ɗauko littafin, ya buɗe bango, ya karanta wa kowa abin da ke jikin 'yar takardar da ta riga ta yi ja: 35, 13, 27.

Aka ƙirga kuɗin asusu a kan tabarma, ya yi daidai da shafin ƙarshe. Aka jera ledojin ajiya, kowace da ƙullinta da sunan mai ita. Saurayin ya kwance tasa ya ƙirga sau biyu. Bashin dillalan nan kuwa, littafi ya nuna an biya rabi kafin azumi, da sa hannun su biyun, gardama ta mutu a nan.

Saurayin ne ya yi tambayar da ba wanda ya shirya mata. Yana ɗaure kuɗinsa a ƙugu ya dubi Kawu cikin ladabi ya ce, "Baba, to in shi ya iya gano lambar da hannu, wani ma ba zai iya ba?" Ɗakin ya yi shiru. Aka juyo ana kallona, na ce zai iya. Wanda ya san hanyar, ya samu sa'a guda shi kaɗai da kwaɗon da ba shi da tsatsa, ba ya buƙatar a tuna masa ko lamba ɗaya, kuma zai mayar ya kulle ba tare da ya bar alama ba.

Na ga maganar ta yi wa Kawu nauyi, kuma na san dalili. Duk tsayuwar da ya yi kan kada a yanka, ya yi ta ne bisa imanin cewa kwaɗon da ba a fasa ba shaida ne cewa ba a shiga akwatin ba. Aikin da na yi don in cika masa burinsa shi ne ya nuna wa kowa wannan shaida ba ta kai yadda ya ɗauka ba. Duk da haka ban ga ya yi asarar tsayuwarsa ba. Buɗewar ta tabbatar da abu biyu da yankewa ba za ta tabbatar ba: kwaɗon shi ne na asali, kuma mantuwar ta gaske ce, domin mutane huɗu sun ga yadda ya rantse da jerin da ba daidai ba har aka ɓata dare guda a kansa. Amma abin da ya wanke shi game da kuɗi littafin ne, da sa hannun mutane, da ƙullin da kowane mai ajiya ya gane nasa. Ban kuma ga laifin waɗanda suka ƙera kwaɗon ba. An yi shi ne don ya tsare jakar ɗalibi daga hannun mai wucewa, ya kuma yi shekaru yana aiki a wurin da ƙarfe ba ya daɗewa.

A zaman da ƙungiya ta yi ranar Juma'a aka yanke abubuwa kaɗan. Kuɗin asusu ya koma banki da sa hannun mutum biyu. Akwatin ya samu kwaɗo biyu masu ɗan makulli, ɗaya a hannun Kawu, ɗaya a hannun sakatare, ba ya buɗuwa sai sun haɗu. Sakatare yana ɗaukar hoton kowane shafi na littafin da waya duk ƙarshen mako. Wasu dattawa sun ga kamar makulli na biyu rage wa Kawu daraja ne. Shi ya ce da tun farko haka aka yi, da bai yi kwana uku yana jin sunansa a bakin mai shayi ba.

Labari ya bazu a layin, aka fara kawo mini jakunkunan tafiya masu ƙananan tayoyi uku na lamba. Waɗannan wani jinsi ne daban, ba ruwansu da lissafin huɗu-huɗu. Daga 000 zuwa 999 gwaji 1,000 ne, a daƙiƙa biyu-biyu bai fi minti 34 ba, kuma da yawa ba a taɓa sauya su daga 000 ɗin da suka zo da ita ba. Mai tayoyi huɗu 10,000 ne, wajen sa'a biyar da rabi in za a bi su duka. Wanda ya zo da jakarsa da wanda ya san shi, nakan nuna masa ya zauna ya bi da kansa. Wani yaro kuma ya same ni ya ce in koya masa don akwai kwaɗo a ƙofar ɗakin yayansa a Ketu, yayan ya yi tafiya. Na ce ya kira yayan a waya mu ji daga bakinsa. Ya ce zai dawo, bai dawo ba.

Saurayin mai ajiya ya hau tirelarsa a ranar da aka tsara. Tsohon kwaɗon kuwa Kawu bai yar da shi ba, ya mayar da shi ƙofar inda ake tara buhunan da aka zazzage, kuma kowace safiya shi yake buɗewa da kansa.